Rahama Sadau: jaruma ce kawai, ko mai fim ce?

Maman Nana

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Jiya bayan isha'i ƙanwata ta kunna Rariya, fim ɗin Rahama Sadau, a wayarta, muka jingina wayar da filo muka kalla har ƙarshe. Rabona da fim ɗin tun shekarar da ya fito. Kafin a shiga labari sai ga sunan kamfani ya bayyana, Sadau Pictures. Na ce mata dakata, mayar da shi baya. Na daɗe ina kallon rubutun nan.

Ga dalilina. A farkon Oktoban 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau daga Kannywood, saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da ClassiQ, mawaƙin nan na Jos. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, tata ta ƙare. A 2017 sai ga ta da fim nata na kanta, wato Rariya, Yaseen Auwal ya ba da umarni, ga Ali Nuhu a ciki, ga Fati Washa, ga Sadiq Sani Sadiq. Lokacin ba ta kai shekara 25 ba, don a Disamban 1993 aka haife ta a Kaduna, kuma duka-duka a 2013 ta shigo harkar da Gani Ga Wane.

Wasunku sun san na yi shekara huɗu ina kula da sutura a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, kafin in yi aure. Ni ce mai guga, ni ce mai tuna cewa gyalen da jaruma ta yafa a sin na jiya shi za ta yafa yau. Na ga yadda ake yi da jarumai mata da idona. Akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ba, tun ƙarfe takwas na safe aka ce ta zo. Ta yi kwalliya ta zauna a kan benci a bayan gidan da muke ɗauka, hodar fuskarta ta narke aka sake mata har sau uku. Sai bayan la'asar aka kira ta, sin biyu aka ɗauka, furodusa ya miƙa mata kuɗin mota ya ce za a ji da ita in fim ya fita. Fim ya fita, fuskarta ce a tsakiyar fosta. Ba a ji da ita ba.

Shi ya sa nake ganin duk lokacin da aka ɗauko maganar Rahama, sai mu tsaya a kan kora da hoto da sa kaya, mu bar babban abin da ta yi: ta tashi daga layin masu jiran a kira su, ta koma mai kira. Ina so in ji ra'ayinku, amma don Allah da ladabi.

Malam Na-Zaure

Wa alaikumus salam. Maman Nana, Allah ya saka da alheri da kika kawo maganar a natse. Amma ina da ja. Kin ba da labarin kamar korar zalunci ce ita kuma ta fi ƙarfinta. Ai ita da bakinta ta ba da haƙuri tun a lokacin, daga baya a 2017 ta rubuta wa ƙungiyar takardar neman afuwa, a farkon 2018 aka yafe mata. In da mallakar kamfani ta ishe ta, me ya kai ta neman afuwa? Kowace sana'a tana da dokarta. Mahauta suna da sarkin fawa, direbobi suna da ƙungiya. Wanda ya shiga ya san da sharaɗin, kuma sharaɗin rashin taɓa jiki tsakanin mace da namiji a fim ɗin Hausa ba a kanta aka fara shi ba.

'Yar Zazzau

Malam, to shi namijin da suka yi bidiyon tare me aka yi masa? Ita kaɗai ta fito a ciki?

Abu Safwan

Ƙanwata, a nan kam sai an yi adalci. ClassiQ mawaƙi ne, ba ɗan ƙungiyar 'yan fim ba ne. Ba ka korar mutum daga gidan da ba a ciki yake ba.

'Yar Zazzau

Na yarda da wannan, Yaya. Amma ka duba tarihin harkar gaba ɗaya ka faɗa mini tsakaninka da Allah, in abu ya faru wa ake fara jefa? Wa ake yawo da hotonta a waya? Namiji ana dakatar da shi, bayan kwana biyu an manta. Mace kuwa har 'ya'yanta sai an goranta wa.

Ɗan Edita

Bari in sa baki, tunda a cikin harkar nake cin abinci. Tambayar Malam tana da nauyi, kuma amsarta tana cikin yadda abin yake tafiya a ƙasa.

Mutane suna haɗa abu biyu. MOPPAN ƙungiya ce ta masu sana'a, ba gwamnati ba ce. Ƙarfinta shi ne 'ya'yanta. In ta ce an kore ki, ma'anarsa furodusa ba zai sa ki a fim ba, darakta ba zai ɗauke ki ba, mai kyamara zai ji tsoron aiki da ke. Ita kuwa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ce ta gwamnati, kuma sai fim ya bi ta hannunta kafin a sayar ko a haska shi a Kano. Kano kuma ita ce kasuwa. Ko da kuɗinki kika yi fim, ba za ki yi shi ke kaɗai ba, kuma ba za ki sayar wa kanki ba. Don haka dole Rahama ta nemi sulhu, wannan gaskiyar Malam ce.

Amma ga inda Anti Maman Nana take da gaskiya. Akwai bambanci tsakanin mai neman afuwa da hannu biyu ba komai, da mai neman afuwa da fim a hannu. Ta farko roƙo take a taimaka mata da aiki. Ta biyu ita ce za ta ba mutum talatin ko arba'in aiki: mai fitila, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, mai abinci, direba, irina mai haɗa hoto. Ranar da aka ce kada a yi aiki da ita, duk waɗannan su ma an taɓa tukunyarsu. Ina tabbatar muku a ɗakunan editin an yi wannan lissafin.

Malam Na-Zaure

Wato kana cewa kuɗi ne ya sa aka yafe mata ke nan, ba tuba ba? In haka ne ai ka ƙara mini damuwa, ɗana.

Ɗan Edita

A'a Malam, Allah ya gafarta, ban shiga zuciyar kowa ba. Tuba tsakaninta da Ubangijinta ne, afuwa kuma tsakaninta da shugabanni. Abin da nake cewa shi ne akwai mata da yawa da aka ajiye a gefe a harkar nan, wasu ma ba laifin da suka yi, kawai an daina kiran su, kuma ba wanda ya zauna taro a kansu. Ita an zauna.

Abu Safwan

Ni matsalata da kalmar "mai shirya fim" ce. A Kannywood an mayar da ita ado. Jaruma tana tashe sai ka ga an rubuta sunanta a matsayin furodusa, alhali wani Alhaji ne a bayan fage ya zuba kuɗi, wani yaro ne ya yi zirga-zirga. Kuma ita Rahama ba ita ke ba da umarni ba. Rariya na Yaseen Auwal ne, Mati a Zazzau ma shi ne. In za a yaba, a yabi darakta. Fim na darakta ne.

Maman Nana

Abu Safwan, abin da ka faɗa yana faruwa, na gani. Amma wanda ya kwana a lokeshin ba a ɓoye masa furodusar gaske da ta suna. Ta suna tana zuwa da rana tsaka, ta gaisa da mutane, a ɗauki hoto, ta tafi. Ta gaske ita ake tasa da asuba a ce janareta ya ƙi tashi. Ita mai gida yake kira ya ce ku fitar mini da kayanku, kwanakin da muka yi da ku sun cika. Ita ce take tsayawa tsakanin darakta mai son a ƙara kwana biyu da aljihun da ya ce ba hali. In jarumi ya yi fushi ya kashe waya, ita ke zuwa biko. In fim ya faɗi, darakta ya riga ya karɓi kuɗin aikinsa ya wuce wani lokeshin, bashin a wuyanta yake kwana.

Ban yi aiki da Rahama ba, don haka ba zan ba da shaidar abin da ban gani ba. Amma mai sa suna don ado fim ɗaya take yi ta huta. Wadda ta yi Rariya a 2017, ta dawo da Mati a Zazzau a 2020 tare da Sadiq Sani Sadiq, ta zo ta shirya The Plan da ya hau Netflix a 2023, wannan ta ɗauki abin sana'a.

Batun fim na darakta ne kuwa, a wurinmu ba haka na tarar ba. Furodusa ke zaɓen labari, shi ke zaɓen darakta, shi ke cewa wance ce za ta hau. Duba Rariya ma. Labarin 'yan mata ne a jami'a, da ƙawaye, da yadda ake jan yarinya a hankali har ta bar tarbiyyar gidansu. Mata ne a tsakiyar labarin, maza suna kewaye. Kafin nan fim nawa ka gani da mace ba matar wani ba ce, ko budurwar da ake rigima a kanta, ko kishiya? Wanda ya riƙe kuɗi shi ke yanke wannan.

Hajiya Babba

'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ina so in tuna muku cewa ba a kan Rahama aka fara ba, don kada ku ɗauka kafin ita mata suna zaune ne kawai. Mu da muka ga Turmin Danya a 1990, muka ga zamanin Sangaya, lokacin da sai ka yi hayar kaset a shagon unguwa a taru a falo ɗaya a kalla, mun san Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ƙanwar marigayi Janar Murtala ce. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, sai daga baya ta koma ta yi ilimin manya, ta zama marubuciya. Littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne an mayar da shi fim tun a shekarun 1990, kuma ita da kanta ta shiga shirya fim, har ta kai ga Juyin Sarauta. Ita ba ta taɓa zama jarumar da ake liƙa hotonta a bayan mota ba, shi ya sa yaran yanzu ba su cika sanin ta ba. Amma ita ta nuna mace za ta iya riƙe labari tun daga alƙalami har kyamara.

Abin da na ga ya bambanta Rahama shi ne ta yi nata tana kan tashe, tana yarinya, ba ta jira sai fuska ta fara sauka ba.

Maman Nana

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi na manta da Hajiya Balaraba, kuma bai kamata ba.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa daga Nijar. Maganar nan ta taɓa ni, don mu muna da misalin da ya kamata kowace 'yar fim ta sani. Sunanta Zalika Souley. Tun 1966 ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane, lokacin da ba a ma yi mafarkin Kannywood ba. Ta yi aiki da Oumarou Ganda, tana cikin Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ta sha zagi a gari, don ana ba ta fitowar muguwa ko mace mara kamun kai, mutane kuma suka kasa raba fim da rayuwa.

Da fim ɗin Nijar ya durƙushe, me ya rage mata? Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, a ciki za ka gan ta a Yamai cikin rashi, tana fama da hidimar 'ya'ya. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Matar da ta zaga bukukuwan fim na duniya da sunan ƙasarmu, amma ko fim ɗaya babu wanda yake nata. Zanen aro ba ya rufe katara. Ni da na ga sunan kamfanin Rahama a fim, Zalika nake tunawa.

'Yar Zazzau

Innalillahi. Ban taɓa jin sunanta ba sai yau. Allah ya yi mata rahama.

Abu Safwan

Amin. Ɗan Maraɗi, ka kashe mini jiki. To amma bari in kawo ɗaya ƙorafin nawa, don shi ya fi ci mini rai. Ita Rahama ai ba ta tsaya ta gina Kannywood ba. Ana korar ta sai ga ta a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife ta Kudu, sai gayyatar mawaƙi Akon zuwa Amurka, sai shirin MTV Shuga, sai Up North a 2018, har Indiya ta je ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022. The Plan ɗin da ake yabo ma ai ba fim ɗin Kannywood ba ne yadda muka san shi. Mu muka ɗaga ta, Legas ta ci moriya.

'Yar Zazzau

Haba Yaya! An ce mata fita, ta fita, yanzu kuma laifinta ne da ta samu wurin zuwa? So ake ta zauna a ƙofar gida tana kuka har a ji tausayinta?

Ɗan Edita

Kuma Yaya Abu Safwan, ka duba me ta fito a matsayinsa a can. A Sons of the Caliphate 'yar Arewa ce. A Up North, wanda Tope Oshin ta ba da umarni aka ɗauka a Bauchi, 'yar Arewa ce, tana tsaye gaban jarumin fim ɗin, Banky W, da Hausarta da lulluɓinta. Shekara da shekaru in fim ɗin Kudu zai nuna Bahaushe, maigadi ne mai gurɓataccen Turanci ana dariya. Ni na fi son in ga tamu tana fitowa a matsayin mai ilimi da ra'ayi. Sannan ba ita ta fara ƙetarawa ba, Ali Nuhu ya daɗe yana aiki a ɓangarorin biyu, Sani Danja da Yakubu Mohammed ma haka, ba wanda ya ce sun gudu. Yau Ali Nuhu shi ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024.

Wani abin da ba a lura da shi: wanda ya yi aiki a babban lokeshin yana dawowa da ido. Yana ganin yadda ake rubuta jadawalin kowace rana, yadda ake ɗaukar sauti daban, yadda ake sa hannu a takarda kafin a kunna kyamara. Ka kalli Mati a Zazzau ka dubi sutura da gine-gine da hasken dare, ka san an kashe kuɗi an kuma yi tsari. A sinima aka fara haska shi. Da ta yi niyyar barin mu, me zai dawo da ita ta zuba kuɗi a fim ɗin Hausa zalla na barkwanci?

Abu Safwan

Mati a Zazzau kam na yarda, na kalle shi sau biyu. Amma har yanzu ina ganin da ƙarfin da take da shi, fina-finan Hausar da ta shirya sun yi kaɗan.

Maman Nana

A nan ni ma ina tare da kai. Ina so in ga ta ƙara, kuma ina so in ga ta ɗauko yara mata ta koya musu bayan kyamara. Har yau in ka shiga lokeshin, mai kyamara namiji, mai sauti namiji, edita namiji, mata suna wajen kwalliya da sutura da abinci. Ba a kanta kaɗai nauyin yake ba, amma wanda Allah ya ɗaga shi ake kallo.

Baban Khalifa

Duk kun zagaye kun ƙi faɗar abin da ya faru a Nuwamban 2020. Hoton da ta sa har wani ya zo ƙarƙashinsa ya yi ɓatanci ga fiyayyen halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Wannan fa? Ko shi ma kamfani zai wanke?

Mai Kula da Zaure

Baban Khalifa, tambayarka tana kan hanya, an bar ta. Amma na goge saƙo biyu da suka biyo bayanta saboda zagi. Duk wanda ya sake zagin iyayen wani ko ya yi wa wani hukuncin wuta, zan fitar da shi. A ci gaba.

Maman Nana

Baban Khalifa, ban zagaye ba, kuma ba zan ce maka abin bai dame ni ba. Ranar na kasa cin abinci. Shigar ba ta dace ba, ni a wurina, kuma da 'yata ce zan faɗa mata haka a gabanta. Ita ma ta goge hotunan, ta fito a bidiyo tana kuka ta ba da haƙuri, ta barranta kanta daga abin da mutumin ya rubuta. Wanda ya yi ɓatancin shi ya ɗauki zunubin bakinsa. Kamfani ba ya wanke laifi, ban ce haka ba. Abin da na ce shi ne mutum ɗaya yana iya yin kuskuren da za a yi masa faɗa, kuma ya yi aikin da za a koya daga gare shi. Mu kuwa in mun kama na farkon sai mu rufe ido ga na biyun, sai 'yan bayanta su tashi ba su koyi komai ba sai tsoro.

Malam Na-Zaure

Wannan magana ta fi kwanta mini fiye da ta farko. Ni tsorona ɗaya ne, kada yarinya ta karanta zauren nan ta fahimci cewa in kina da kuɗi da kamfani kin fi ƙarfin a ce miki bari. Wanda ya shahara, kuskurensa ba ya tsayawa a kansa, yara suna kwafa. Amma batun haƙƙin ma'aikaci da kika faro da shi, wannan addini ne ma ya zo da shi. A biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Yarinyar da kika ce ta wuni a benci, wanda ya hana ta haƙƙinta zai amsa tambaya, ko da ya fi kowa iya wa'azi a cikin fim ɗinsa.

Hajiya Babba

Malam ya faɗi gaskiya. Akwai kuma abin da ba ku taɓo ba, aure. Ba auren Rahama nake nufi ba, wannan tsakaninta da iyalinta ne. Ina nufin yadda aka saba, jaruma tana yin aure ta bar fitowa. Shekara biyar, shida tana tashe, rana ɗaya an rufe. In auren ya zauna, alhamdulillahi. In bai zauna ba ta dawo ta tarar an yi sababbin fuskoki, sai fitowar uwa ko ta maƙwabciya. Amma shirya fim ba ya buƙatar fuskarki a allo. Ku dubi Mansura Isah, ta bar fitowa bayan aurenta a 2007, amma da ta tashi dawowa da ƙarfi a matsayin furodusa ta dawo, da Fanan a 2021, fim ɗin da waƙarsa ta cika gari. Sana'ar da mace za ta iya riƙewa tana ɗakinta, tana goyo, tana da furfura, ita nake yi wa jikokina sha'awa in dai sai sun shiga harkar.

Ɗan Edita

Hajiya, kuma yanzu ne ma maganar mallaka ta fi nauyi. Da, kasuwar Ƙofar Wambai ce komai. Furodusa ya kai fim, 'yan kasuwa su buga faifai, a rarraba har Nijar da Kamaru da Gana. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan. Arewa24 ta zo a 2014 da dogon zango irin Daɗin Kowa, daga baya Labarina da Izzar So suka nuna inda kasuwa ta koma. Yau fim yana zaune a YouTube shekara da shekaru, duk wanda ya kalla ana lissafawa, kuɗin talla yana shiga asusun mai tashar. Jarumar da aka sallama ranar ɗauka, an gama da ita. Fim ɗin yana ta kawo kuɗi tana gida, ko sisi ba nata. Mai tasha kuwa ko yana barci ana kallo.

'Yar Zazzau

To ni yanzu tambaya gare ni, don abin ya zo kaina. Ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma na rubuta labari mai zango goma sha biyu. Wani furodusa ya karanta ya ce yana so, zai ba ni wani abu, kuma zai sa ni in fito a ciki. Na ji daɗi sosai, har na kusa tura masa duka. Yanzu jikina ya yi sanyi.

Ɗan Edita

Kada ki tura duka tukuna, ƙanwata. Tura masa taƙaitaccen labarin da zango na farko, sauran su zauna a wurinki. Ku zauna da shi, ki tafi da babba daga gidanku, a rubuta a takarda: sayar masa kika yi gaba ɗaya, ko aro ne na wani lokaci? Nawa ne, kuma yaushe za a biya? In aka yi zango na gaba, da ke ko ba ke? Sunanki zai fito a matsayin marubuciya? A wace tasha za a sa? Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. In ya ce ai mu nan da amana muke aiki ba ma takarda, ki ce masa takardar ita ke tsare amanar. Batun zai sa ki fito a ciki kuma, kada ki bari ya zama shi ne kuɗin labarinki. Abu biyu ne, kowanne da farashinsa.

Malam Na-Zaure

Ki kuma sanar da mahaifinki kafin komai, 'yata. Rubuta yarjejeniya ai umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma ki gama karatunki tukuna.

Maman Nana

Ita ma Rahamar da muke magana a kai, tana tsakiyar tashe ta tafi Eastern Mediterranean University a Arewacin Cyprus ta karanta harkar kula da ma'aikata. Ki gama, Malam ya yi gaskiya. In kin tashi zama da furodusan ki yi mini magana ta akwati, zan faɗa miki abubuwan da ake ɓoyewa a lissafin lokeshin.

Abu Safwan

Maman Nana, yarinyar benci fa? Kin san inda take?

Maman Nana

Na haɗu da ita bara a wajen wani biki. Ta yi aure, 'ya'yanta uku, tana sayar da turaren wuta da humra. Ita ta fara gane ni. Muna cikin hira ta ciro waya ta nuna mini fim ɗin, wani ya ɗora shi a tasharsa, fuskarta ce har yanzu a hoton gaba. Ta ce babbar 'yarta ce ta gano shi, ta zo tana tambaya, Umma, wannan ke ce?